Neman kalma: me za mu kira masu son rage haraji da rage hidimar gwamnati a jihohin Amurka?

Mai fassara:
Assalamu alaikum malamai da abokan aiki. Jiya ina fassara wani rahoto a kan jihar Misisifi, inda a 2025 Gwamna Tate Reeves ya sa hannu a dokar da za ta riƙa rage harajin kuɗin shiga sannu a hankali har ya ƙare ɗungurungum. Sai na ci karo da "fiscal conservatives". Har na rubuta "masu ra'ayin riƙau" kamar yadda muka saba ji a rediyo, sai na tsaya. Mai sauraro a Funtuwa ko Maraɗi in ya ji riƙau ko mazan jiya, abin da zai zo masa a rai shi ne dattijo mai ƙyamar sabon abu, ko masu yaƙi da zubar da ciki. Nan kuwa maganar kuɗi ce zalla: a rage haraji, a ƙayyade abin da gwamnatin jiha za ta kashe, a sakar wa iyaye da 'yan kasuwa wasu ayyukan da gwamnati ke yi. Wanda yake son rushe harajin da ya taso ya tarar, ta ina ya zama mai riƙau? Ku taimake ni da kalma.

Ɗan jarida:
Wa alaikumus salam. Ai muna da ita tuntuni: masu tsuke bakin aljihu.

Malamar tattalin arziki:
Ɗan'uwa, a yi hattara da wannan. Tsuke bakin aljihu mun riga mun ba ta aiki. Ita muka yi amfani da ita ga matakan Shagari na 1982, da shirin gyaran tattalin arziki na SAP na Babangida a 1986, da halin da Girka ta shiga daga 2010. Duk waɗannan gwamnatoci ne da bashi ko faɗuwar kuɗin shiga ya shaƙe, suka tsuke ala tilas. Girka ma ƙara haraji ta yi, harajin kayan saye ya kai kashi 23 cikin 100 a 2010. Mutanen da ake magana a kansu ba tilas ba ce ta sa su. Aƙida ce. Ko baitulmali cike yake, za su ce rarar ta nuna an karɓi fiye da kima a hannun jama'a, a mayar musu da abinsu.

Jihar Kolorado ta isa misali. A 1992 masu zaɓe suka shigar da dokar TABOR cikin tsarin mulkin jihar. Ba a ƙara haraji sai an kai wa jama'a sun kaɗa ƙuri'a, kuma kuɗin da jiha za ta riƙe ba zai ƙaru fiye da hauhawar farashi da ƙaruwar jama'a ba. Abin da ya haura a mayar wa masu biya. Wannan ba aljihun da ya huje ba ne, aljihu ne da aka ɗinke bakinsa da gangan tun yana da kuɗi. Takurar ta yi tsanani har a 2005 gwamnan jihar ɗan jam'iyyar Rifablikan, Bill Owens, ya mara wa ƙuri'ar da ta dakatar da mayar da rarar na shekara biyar baya.

Ɗan jarida:
Na karɓi gyara, Malama. To "masu rage haraji" fa? Gajeriya ce, kowa zai gane.

Tsohon ma'aikacin haraji:
Yaro, bari in tsoma baki, don na yi aikin karɓar haraji kafin a haifi da yawanku. In ka ce wa Bahaushen da ya kai shekaruna "mai rage haraji", ba Ba'amurke zai gani ba. Abubakar Rimi zai gani a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, lokacin da gwamnatocin jam'iyyar PRP suka soke haraji da jangali a 1979. Mu a nan soke haraji aikin 'yan sawaba ne, magadan jam'iyyar NEPU, masu cewa a sauke wa talaka kaya. Kuma da suka soke ba su ce a rage makarantu ba, Rimi ma yaƙi da jahilci ya ɗaura wa ɗamara. Sun iya yin haka ne saboda kuɗin jiha daga rabon tarayya yake zuwa, na man fetur. In kuka ɗora wa masu wannan aƙida na jihar Tekzas wannan suna, mai sauraro zai ɗauke su 'yan gwagwarmayar talakawa, alhali a siyasar can su ne ɓangaren dama.

Mai fassara:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi ban taɓa haɗa abin nan biyu a raina ba, kuma nan ne gizo ke saƙa. Jihohin Amurka galibin kuɗinsu daga harajinsu suke tarawa, kuma kusan dukkansu, in ka cire jihar Bamont, doka ta wajabta musu daidaita kasafi. Ke nan duk dalar da aka yafe a haraji sai an zabge ta a wani wuri ko a ƙaro ta ta wata ƙofa. Kalmar da ta ambaci haraji ta bar hidima ta faɗi rabin labari.

Malamar tattalin arziki:
Haka ne. Shi ya sa nake so duk kalmar da aka kawo mu auna ta da abin da ya faru a jihar Kansas, don can ne aka gwada aƙidar gaba ɗayanta. A watan Mayu na 2012 Gwamna Sam Brownback ya sa hannu a dokar da ta sauko da harajin kuɗin shiga mafi girma daga kashi 6.45 zuwa 4.9, ta kuma yafe wa masu ƙananan kamfanoni harajin ribarsu baki ɗaya. Hujjarsa, da ta mai ba shi shawara Arthur Laffer, ita ce kuɗin da aka bari a hannun mutane za su buɗe sana'o'i, ayyuka su yawaita, baitulmali ya cike gurbinsa. Ba haka ta kasance ba. Kuɗin shigar jihar ya faɗi da kusan dala miliyan 700 a shekara, masu cin gajiyar yafiyar suka haura 300,000, fiye da yadda aka ƙiyasta nesa ba kusa ba. Aka riƙa ɗibar kuɗin gyaran hanyoyi ana toshe giɓi. Wasu makarantu suka rufe zangon 2015 kafin lokaci. Kotun ƙolin jihar ta yanke cewa kuɗin da ake ba makarantu bai cika sharaɗin tsarin mulki ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a 2015 aka ɗaga harajin kayan saye zuwa kashi 6.5, har da kayan abinci. Mai kamfani ya huta, mai sayen burodi da madara ya ɗauki kayan. A watan Yuni na 2017 majalisar jihar, wadda 'yan jam'iyyar gwamnan ne ke da rinjaye a cikinta, ta soke yawancin dokar duk da ƙin amincewarsa.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ce "masu tattalin dukiyar jama'a". Tattali yabo ne a Hausa. A Kansas ba a ga tattali ba.

Ɗalibi:
To Malama, in haka ne mu ce musu marowatan gwamnati mana. Zuwa 2025 jihohi goma, ciki har da Tekzas da Fulorida da ita Kansas ɗin, sun ƙi faɗaɗa inshorar lafiyar marasa ƙarfi ta Medicaid, alhali gwamnatin tarayya ce ke biyan kashi 90 cikin 100. In ba rowa ba mene ne wannan?

Malamin Hausa:
Ɗana, na ji zafin da ke cikin maganarka, ni ma abin yana taɓa ni. Amma mai fassara ba alƙali ba ne. Marowaci zagi ne, mai tattali kirari ne, duka biyun sun yanke hukunci kafin mai sauraro ya ji shari'ar. Su waɗannan mutane suna da tasu hujjar: cewa guminka naka ne, cewa hukuma ba ta iya riƙon kuɗi kamar mai shi, cewa jama'a da kamfanoni na ƙaura zuwa Tekzas da Fulorida inda babu harajin kuɗin shiga. Ka yarda ko kada ka yarda, dole sunan ya zama wanda su ma za su amsa.

Kada kuma a ce "'yan ƙaramar gwamnati". Kunnen Bahaushe zai kai shi ƙaramar hukuma, ya ɗauka maganar ciyaman da kansila ake yi.

Ga tawa: masu taƙaita hannun gwamnati, aƙidar kuma taƙaita hannun gwamnati. Dalilina shi ne a Hausa da hannu ake karɓa, da shi ake bayarwa, da shi kuma ake tsoma baki cikin harkar mutane, shi ya sa muke cewa sa hannu, tsame hannu, hannu dumu-dumu. Hannun da aka taƙaita bai kai aljihunka ya ɗebi da yawa ba, bai kuma kai asibitinka da makarantar ɗanka da yawa ba. Haraji da hidima sun shiga kalma guda, ba yabo ba zagi.

Ɗan jarida:
Allah gafarta Malam, ta yi daɗin faɗa. Ga inda nake da ja. Tekzas ta hana harajin kuɗin shiga a tsarin mulkinta a 2019, amma harajin gidaje da filaye a can yana cikin masu nauyi a ƙasar. Tun 2021 Gwamna Greg Abbott ya zuba biliyoyin daloli a tsaron iyakar Meziko. A 2025 kuma aka ware dala biliyan 1 don biya wa yara kuɗin makarantun kuɗi. Wannan hannu ai dogo ne.

Malamin Hausa:
Gaskiyarka, kuma kada ka bar wannan ja. Sai dai sunan aƙida yana faɗin abin da masu ita ke da'awa ne, aikin ɗan jarida ya biyo baya ya nuna inda aka taƙaita hannun da inda aka miƙe shi. Kalmar ma ta ba ka ƙofar tambayar: hannun wa aka janye daga aljihun wa? "Riƙau" ba ta buɗe wannan ƙofa ko kaɗan. A bar wa riƙau maganar addini da iyali da al'ada, inda ta dace.

Tsohon ma'aikacin haraji:
Ni dai na gamsu. Ba ta kai ni wajen Rimi ba.

Mai fassara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda na gyara jumlar kafin in miƙa wa edita: "'Yan majalisar Misisifi masu ra'ayin taƙaita hannun gwamnati sun yi maraba da dokar soke harajin kuɗin shiga, yayin da masu adawa ke tambayar da me za a riƙe makarantu da asibitocin jihar." A karon farko zan ƙara gajeren bayani, wato masu son a rage haraji a kuma rage abin da gwamnati ke kashewa, daga nan in ci gaba da kalmar ita kaɗai. Abokan aikinmu na Nijar da Gana, in ta yi muku nauyi a kunne ku sanar da ni kafin shirin yamma.