Wa ya taɓa komawa inda aka ɗauki tsohon hoton gidansu?

Ɗan Ƙofar Wunti:
Salamu alaikum jama'a. Wani abu na yi ranar Asabar da har yanzu yake cina a rai, nake so in ji ko akwai wanda ya taɓa yin irinsa. Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, muna fitar da kayan ɗakinsa sai muka janyo wata adaka ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ciki takardun fansho ne da tsofaffin rasit da wani ambulan ruwan ƙasa da hotuna 14, duk baƙi da fari masu gefen nan kamar haƙoran zarto. Ɗaya daga ciki Baba ne yana saurayi, siriri wlh kamar ba shi ba, ya karkata zanna bukar yana riƙe da akwati a tashar jirgin ƙasa ta nan Bauchi, bayansa tarago ne mutane sun leƙo ta taga. An rubuta 1959 da biro a bayan hoton. To sai na ɗauki hoton na hau keke napep na je tashar in nemo daidai inda ya tsaya. Na fi minti 40 ina zagaye, ciyawa ta rufe dogo, awaki na kiwo a kai, bishiyar da ke cikin hoton babu ita, ƙarshe dutsen da ke can baya ne ya taimake ni don shi bai canza ba, na yi ta matsawa har ƙirarsa ta zo daidai da ta hoton. Na tsaya a wurin na ba wani yaro waya ya ɗauke ni. Ban san lokacin da hawaye ya zo ba, yaron sai kallona yake. Wanda ya taɓa yin haka da hoton jirgi ko mota ko wani tsohon gini ya ba mu labari.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka ɗana. Amma ka yi haƙuri 1959 ɗin nan ba daidai ba ne, a 1959 babu jirgin da ya taɓa shigowa garin Bauchi. A 1958 aka fara aikin layin daga Kuru kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, Gombe 1963, sannan Maiduguri 1964. Wani ne ya rubuta daga baya da ka. Ka tambayi tsofaffin gidanku mata, su ba sa riƙe lamba amma suna riƙe abin da ya faru a shekarar.

Ni nawa hoton a tashar Gombe aka ɗauke mu, mu shida da kakinmu a gaban kan jirgi, mai hoto ya zo da kyamararsa a wuya muka haɗa kuɗi aka wanke mana kowa guda. Bara jikana ya kai ni a mashin muka tsaya a wurin. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne ƙara da wari. Dilolin auduga daga kamfanin auduga na BCGA jibge har sun fi mutum tsawo, buhunan gyaɗa, shanu ana kora su cikin wagunu za su Kudu suna kuka, masu ƙosai da rake da dafaffen ƙwai suna bin tagogi, daga baya kuma simintin Ashaka ya zo ya ƙaru. Mai zuwa Ikko ko Fatakwal sai ya bi ta Kuru ya sauka Kafanchan inda layi ya rabu, ya ɗaure tabarmarsa da butarsa don tafiyar ba ta yini guda ba ce. Ranar da muka je da jikana shiru kake ji sai kukan kurciya. Cikin mu shidan nan ni kaɗai na rage, kuma har jikan nawa bai tambaye ni sunan sauran ba sai da na ce ya kawo fensir.

'Yar Jekadafari:
Allah sarki Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni kam nawa labarin takaici ne. Hoton Dada ne ranar da aka kawo ta amarya, tana lulluɓe a jikin wata Fijo 404 fara a ƙofar gidan kakanmu, ƙawayenta sun kewaye ta, yaran unguwa sun maƙale a bamba. Guda ɗaya tak ne a duk dangi. Na ce bari in yi abin arziki in kai a yi masa laminatin kar ya lalace, na kai wani shagon kwamfuta, yaron ya zura a inji ina tsaye, ya fito fuskar Dada ta yi kumfa-kumfa kamar an zuba ruwan zafi, kuma ba ya ɓantaruwa, in ka ja ledar da hoton take tahowa. Adda ta yi wata guda ba ta min magana. Don Allah kar wanda ya yi laminatin ɗin tsohon hoto, zafi ne da gam. Ku ɗauke shi da waya tukun a inuwa, ba filasha, ku ajiye a Gmail ko ku tura wa 'yan uwa uku. Gidan ma na koma, zauren ƙasan da zankwayensa an rushe an yi shaguna huɗu, mai cajin waya ne a daidai inda motar ta tsaya.

Bakanike Mai Furfura:
Ayya ƙanwata, sannu. Amma in motar ta fito a hoton duba min wani abu, sitiyarin yana dama ko hagu? Don ranar 2 ga Afrilu 1972 aka yi canjin hannu a ƙasar nan, kafin nan irin na Ingila muke tuƙi sitiyari a dama. In kin ga 404 mai sitiyari a dama to tsohuwar shigowa ce, ko da yake an ci gaba da hawansu bayan canjin har suka mutu, saboda haka ba zai ba ki shekarar auren cif ba amma zai rage miki lalube. In kuma 504 ce kuka gani a hotunan gida yawanci daga 1975 ne zuwa sama, lokacin da aka fara haɗa Fijo a Kaduna kuma kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shigo hannun ma'aikata, kowa ya sayi mashin ko rediyo, manya suka shiga mota.

Ni hoton maigidana ne da ya koya min aiki, yana zaune a kan bonet ɗin akori-kurarsa 404, giya a sitiyari, ni ina gefe ɗan shekara 13 da sifana a hannu baƙi ƙirin da baƙin mai. Motar nan ta yi Bauchi zuwa Alkaleri da Dass da Ningi ranar kasuwa ba adadi, a loda mata buhu a loda mutane a kai har bodi ya kusa taɓa taya amma ta tafi. Injinta ba wahala, kafireta da fulogi da kwantak, in ta mutu a daji da sukuddireba da ɗan tsumma za ka tashe ta, ba irin na yanzu ba da sai an jona kwamfuta ta gaya maka ciwonta. Da na ga hoton sai na shiga nemanta, aka ce tana bayan wani gida a hanyar Gombe an jingine ta a kan duwatsu shekara da shekaru kaji na ƙwai a ciki. Na je na tarar 'yan gwangwan sun riga ni da sati biyu, sun yanka ta sun auna a kilo. Wlh sai da na zauna a ƙasa. Abin da na samu kawai tambarin zakin nan na gaba, wani yaron gidan ya ɓalle yana wasa da shi, na saya a hannunsa. Yana cikin durowar gareji na.

Maman Biyu:
Mu namu na kamfanin Steyr ne, babanmu a gaban layin taraktoci sababbi fil da ake haɗawa a nan Bauchi a lokacin, da rigar aiki da wani Bature ɗan Ostiriya a gefensa. Yarana da na nuna musu cewa suka yi ƙarya ne, wai a Bauchi ake haɗa babbar mota? Ban koma wurin ba tukun, zuciyata ba ta ba ni ba.

Ɗalibin Zanen Gini:
Nawa ba na dangi ba ne sosai, Bappana ne da 'yan ajinsu makaranta ta kai su Kafin Madaki, sun jeru a cikin soron Gidan Madaki da gajeren wando. Wannan gidan Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi wajen 1860, shi ne dai wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, kuma tun 1956 aka saka gidan cikin kayan tarihi na ƙasa. Na je da hoton. Abin da ya ba ni mamaki a hoton Bappa bakan gizon rufin sun fito raɗau kana ganin yadda suka tashi daga bango suka haɗu a sama, ni kuma da wayata mai tsada na ɗauka ya fi sau 20 duk sai ya fito a shafe kamar kwano. Wani dattijo a wurin ne ya ce yaro ka kashe wutar wayar ka jira rana ta karkata haske ya shigo ta ƙofa. Na jira har bayan la'asar, sai ga inuwa ta kwanta a gefen kowane baka, ginin ya tashi. Azara ce da ƙasa kawai fa, ba rodi ba siminti. Ginin ƙasa in ba a yi masa yaɓe ana gyara indararo kafin damina ba shi ke nan, shi ya sa ganuwar Bauchi da aka faro tun zamanin Sarki Yakubu yau sai ka yi da gaske kake ganin guntayenta, an ɗebi ƙasa an yi gidaje a kai. Duk mai hoton Ƙofar Ran ko Nassarawa ko Jahun na da, lokacin da ganuwa ke haɗe da su, don Allah ya taimaka min, aikin makaranta nake.

Hamma Na Bolari:
Ni gargaɗi zan yi kan hotunan da ke yawo a Facebook. Akwai wanda ake ta turawa na wani ɗan ƙaramin jirgi mai hayaƙi an rubuta wai tashar Bauchi zamanin Turawa. Ba garin Bauchi ba ne. Wancan ƙaramin layi ne da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, an sa masa sunan Bauchi ne don a lokacin da sunan Bauchi Turawa ke kiran tsaunukan Jos ɗin, faɗin dogonsa ƙafa 2 da rabi, namu kuwa ƙafa 3 da rabi, kuma an rufe shi a 1957 tun kafin jirgi ya zo mana. Haka in ka ga hoto an ce Gombe kafin 1919 to ba wannan garin ba ne, ko Gombe Abba ko Nafada, don sai a 1919 aka dawo da sarauta nan Doma, wato Gombe ta yanzu. Na faɗa a ƙarƙashin hoton wani ya ce in bar hassada, toh.

Sai kuma manhajar nan mai saka kala. Ƙanina ya saka hoton mahaifinmu a jikin Landiroba ta En'e, ta mayar da rigarsa ruwan hoda, Goggo ta ce a'uzubillahi shuɗiya ce ita ta kai ta marina da hannunta. Zato kawai take yi. Ku bar baƙi da farin yadda yake, in ma za ku yi wasa da kala ku ajiye na asalin.

Ɗalibi, in za ka je ɗaukar tsohon gini ka fara gaida maigadi. Ni na taɓa ɗaga waya a wani tsohon ginin gwamnati ban yi sallama ba, mutumin ya taso da sanda sai na goge. Washegari na koma da goro da tsohon hoton a hannu na nuna masa, ya riƙe ya yi shiru, ƙarshe shi ya zagaya da ni har ɗakin da ba a buɗewa.

Ɗan Ƙofar Wunti:
Na gode ƙwarai jama'a. Baba na reluwe gaskiyarka, jiya da daddare na kai wa Goggo hoton ta sa tabarau ta kai shi kusa da fitila, ta ce ai wannan ranar da zai tafi Kaduna neman aiki ne, ita ta daka masa dakuwar da ke cikin akwatin, kuma da damina ɗaya tsakani aka kashe Sardauna da Tafawa Balewa. Kun ga 1965 ke nan tunda su Janairun 1966 ne. Ta kuma gane mutum biyu a cikin masu leƙowa ta taga, na rubuta da fensir a baya, sauran 13 ɗin ma mun zauna a kansu har sha ɗaya na dare, huɗu ta kasa tuna kowa a ciki.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
Madalla ɗana. Ka duba gefen hoton ko akwai wani mai kaki da tuta a hannu, in akwai ka zuƙo wajen fuskar ka turo wa jikana a waya. Wasu da suka buɗe tashar Bauchi na tarar da su a aiki, wataƙila in gane shi.