Gwanjon dawaki na "Kalkata": yaya ake raba kuɗin?

Ɗan Sukuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A Ostareliya, daren jajibirin Kofin Melbourne, ƙungiyoyi kan yi abin da suke kira Kalkata, ana gwanjon dawakin da za su yi tsere. Sayar da dokin ake yi da gaske? Kuma wa ke cin kuɗin?

Baban Hajara:
Wa alaikumussalam. Doki na nan hannun mai shi, sunansa kawai ake gwanjo. Abin ya samo suna daga birnin Kalkata na Indiya, inda ƙungiyar tseren dawaki ta zamanin Turawan Ingila ta shahara da irin wannan caca.

Kofin Melbourne ana yin sa Talatar farko ta Nuwamba a filin Flemington, mita 3,200, dawaki ba sa wuce 24. Da farko ana sayar da tikiti, kuɗin ya shiga asusu. Sai a jefa ƙuri'a da akwati biyu, ɗaya na tikitoci ɗaya na sunayen dawaki, a zaro nan a zaro can har dawakin su ƙare. Mutum 24 sun sami doki, sauran tikitinsu ya faɗi. Daga nan mai gwanjo ya kira dawakin ɗaya bayan ɗaya, kowa a ɗakin na iya tayawa. A tsarin da aka fi bi, rabin kuɗin da aka sallama doki na wanda ya zaro shi ne, rabi na asusu. In wanda ya zaro ɗin ne ya saye abinsa, rabi kaɗai zai biya.

Malam Akawu:
Ɗan Sukuwa, ga misali da alƙaluma. Tikiti 200 a dala 10, an tara 2,000. Gwanjo ya tashi 12,000, sai 6,000 su tafi ga masu ƙuri'a, 6,000 asusu. Asusu ya zama 8,000. In ƙungiya ta cire kashi 10 cikin ɗari, saura 7,200. Bayan tsere a raba kashi 60, 25, 15 ga waɗanda suka sayi dawakin da suka zo gaba: na ɗaya 4,320, na biyu 1,800, na uku 1,080.

To duba da kyau. Masu tayi sun zuba 12,000, abin da zai dawo musu gaba ɗaya 7,200 ne. Nan asarar take, kuma hayaniyar ɗaki ba ta barin mutum ya gan ta. Dokin da ake ganin zai ci sau ɗaya cikin shida, ya zo na biyu ko na uku sau ɗaya cikin takwas kowanne, darajarsa 720 (4,320 raba shida) da 225 da 135 (1,800 da 1,080 raba takwas), jimla 1,080. Duk wanda ya taya sama da haka ya yi tsada, ko da dokin ne kowa ke yabo.

Matsalar ita ce ba wanda ya san girman asusun sai an sallama doki na ƙarshe. Shi ya sa na farko-farko kan tafi da araha, mutane na ɗari-ɗari, na ƙarshe kuma su yi tsada saboda waɗanda ba su sami komai ba sun fara rububi. Masu wayo suna riƙe takarda suna tara jimla bayan kowane doki.

Baban Hajara:
Malam, a ƙara da batun rabin farashin nan, yana ruɗin mutane ƙwarai. In an taya dokinka 1,500 ka saye, ka biya 750, amma ka kuma bar 750 da za a miƙo maka. Dokin ya tsaya maka a 1,500 ɗin dai. Ribar mai ƙuri'a tana wajen sayarwa, shi ya sa wasu ke tayawa don su ɗaga farashi kawai, wani lokaci abin ya faɗa kansu.

Uwar Gida:
Rigima kuwa daga ƙa'idojin da ba a karanta kafin gwanjo take fitowa. Ana sanar da jerin dawakin tun Asabar, amma likitan dabbobi na iya cire doki safiyar Talata. Za a mayar wa mai saye kuɗinsa ko sun tafi? In za a mayar, rabin da mai ƙuri'a ya riga ya karɓa fa? In an yi kunnen doki, a haɗa kason matsayi biyu a raba daidai. Kada a biya kowa sai alƙalan fili sun auna mahaya sun tabbatar da sakamako, don ƙorafi na iya sauya matsayi. Kuma a karɓi kuɗi nan take. Wanda aka bari bashi, in dokinsa ya zo na ashirin da wuya a sake ganinsa.

Dokin da aka raina ma kan ba da mamaki: a 2015 Prince of Penzance ya ci a kan 100 da 1, wato wanda ya sa dala 1 a kansa ya ci 100, Michelle Payne a kansa, mace ta farko da ta hau doki ta ci kofin.

Sai dai ɗan'uwa, ko da an ce wani kaso na taimako ne, caca ce, haramcinta a Musulunci a fili yake. Su ma can kowace jiha da dokarta, wasu sai ƙungiya ta nemi izini kafin ta shirya.