Yaya ake dawo da tsohon jarumin gem ba tare da an ɓata shi ba?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum jama'a. Muna shirin kashi na biyu na wani ƙaramin gem na waya da muka gina da Godot, manhajar ƙera gem, a nan Samaru. Jarumin maharbi ne, Gambo, wanda a kashin farko saurayi ne mai zafin kai, yana tsaron ganuwar Zazzau da kwari da baka. Yanzu muna so ya dawo bayan shekara 20. Idan muka bar masa duk ƙarfin da ya tara, gem ɗin ba zai yi wuya ba. Idan muka kwashe, waɗanda suka buga na farko za su ji an cuce su. Sannan me ake canzawa a halinsa, me ake bari?

Malamin Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Kafin ku zana komai, ku rubuta abu uku da in babu su ba Gambo ba ne: abin da yake so, abin da ba zai taɓa aikatawa ba, da alama ɗaya ta jiki, misali yadda yake rataya kwari a kafaɗar hagu. Waɗannan ba a taɓa su. Sauran duk shekaru na iya cinye su.

Amma inda aka fi faɗuwa shi ne a ce ya canza a baki kawai. Sai ya fito yana cewa ya gaji da yaƙi, da an miƙa shi ga mai wasa kuma ya hau tsalle yana harbi kamar ɗan shekara 18. Canjin sai ya shiga yatsun mai wasa. Ku duba gem ɗin God of War na 2018. Jaruminsa Kratos, a kashin farko na 2005, fushi ne zalla, makaminsa wuƙaƙe masu sarƙa da ke share duk wanda ke kewaye. Da ya dawo da ɗansa Atreus, sai aka ba shi gatari mai nauyi da ake jifa a kira shi ya dawo hannu, aka matso da kyamara bayan kafaɗarsa. Tun kafin ya buɗe baki ka san mutumin ya natsu. Tsofaffin wuƙaƙen kuma ba a jefar da su ba, an ɓoye su sai da labari ya yi nisa, shi ya sa fitowarsu ta girgiza mutane.

Ku yi wa Gambo haka. Idan da yana ɗana kibiya cikin firam 12 (firam shi ne hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su ba da motsi), yanzu ya kai 20, amma kibiya ɗaya ta yi aikin biyu. Ku rage gudu, ku ƙara masa karanta sawu da ɗana tarko. Sannan ku cika hotonsa da baƙi ƙirin, ku ƙanƙance shi daidai allon waya, ku nuna wa wanda ya buga na farko. In bai gane shi daga inuwar ba, kun wuce gona da iri.

'Yar Kongo:
Na yarda da Malam, sai dai batun kwashe ƙarfi yana bukatar dalili daga cikin labarin. A Metroid Prime na 2002, jarumar gem ɗin, Samus, ta fara da kayan yaƙinta, mai wasa ya ɗanɗana su, sannan fashewa ta lalata su. Mutane sun karɓa. A Metroid: Other M na 2010 kuwa, kayan na jikinta amma ba ta amfani da su sai kwamanda ya ba da izini, har ta ratsa wuri mai tsananin zafi rai na raguwa alhali rigar kariya na nan. An soki wannan sosai, domin ya mai da ƙwararriya kamar ba ta da wayo.

Don haka kada hankalin Gambo ya ragu, jikinsa ne zai ragu. Ku ba mai wasa minti biyar na farko da cikakken ƙarfi, sannan tsohon rauni a kafaɗa ya tashi, ko bakan ya karye. Kuma kada ku kwashe duka. Ku bar masa dabara ɗaya ko biyu daga ƙarshen kashin farko tun daga matakin farko, tsofaffin masu wasa su ji wahalarsu ba ta tafi a banza ba.

Ɗan Samaru:
Na gode Yaya. To zaɓin da mai wasa ya yi a kashin farko fa? Akwai wurare goma da labari ke rabuwa.

Baban Hanifa, Sabon Gari:
Goma ta yi yawa, ɗan'uwa. Kowane zaɓi na e ko a'a yana ninka hanyoyi: uku takwas ne, goma 1,024. Ba ku da hannun rubutawa, balle gwadawa. Ku ɗauki uku masu nauyi, kamar wanda ya bari da rai ko wanda ya ci amana. Sauran bakwai ku biya su da jimla ɗaya a bakin mai shayi ko ɗan sintiri a Ƙofar Doka.

Kada ku dogara da tsohon fayil ɗin da kashin farko ya adana zaɓin mai wasa a ciki. A Android, manhaja ba ta shiga ma'ajiyar wata manhaja kai tsaye, kuma da yawa sun sauya waya. Ku bi dabarar The Witcher 3 na 2015, inda ake yi wa jarumin, Geralt, tambayoyi kan abin da ya wuce yana zaune ana masa aski, amsoshin su zama tarihinsa. Gambo ma zai iya zama gaban wanzami. Ku tanadi amsa ta asali ga wanda ya tsallake tambayoyin, in ba haka ba tattaunawa za ta nemi bayanin da babu, gem ya tsaya cak ko mamaci ya fito yana magana.

'Yar Kongo:
Ƙari kaɗan saboda sababbin masu wasa. Ku haɗa Gambo da yaron da bai san tarihinsa ba, almajirin harbi, shi zai riƙa tambayar abin da baƙo ke son sani. Gambo ya amsa a taƙaice, wani lokacin ya yi shiru. Kowane layi kada ya wuce kalma 15, don allon waya ba ya ɗaukar dogon zance, kuma tsohon maharbi ba ya yawan magana.