Daɗin tuƙi a kwane-kwanen hanya: kowa ya kawo abin da ya gani

Mai Golf, Tawa:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina son in ji ko akwai wanda yake jin abin da nake ji. Ina da tsohuwar Golf GTI, samfuri na biyu, irin wadda aka fara ƙerawa a 1984. Hannun wani dattijo na saye ta, ta yi shekaru a ajiye ƙarƙashin dogon yaro, na ɗauki kusan shekara ina tada ta kaɗan-kaɗan.

Ran Asabar bayan sallar asuba nakan kama hanyar Keita, wajen kilomita 70 daga Tawa, ba don ina da wata buƙata can ba. A miƙaƙƙiyar hanya duk motoci ɗaya suke, ka taka ka zauna kana jira. Amma in hanya ta sauko daga dabagi za ta faɗa fadama, ta karkata hagu ta komo dama, nan ne mota take nuna halinta. Ina rage gudu tun kwanar tana nesa, in maido bitas, wato giya, ta uku, in ji injin ya ɗaga murya, in kwantar da bolan, wato sitiyari, a hankali. Sai ka ji tayoyin gaba sun kama kwalta, har a tafin hannunka kake jin haka. Da bakin kwanar ya buɗe sai in ba ta wuta, ta miƙe da ni kamar dokin da aka sakar wa linzami. Da wuya in wuce 80 a wuraren nan, kuma wallahi ya ishe ni.

Ga kuma abin kallo. Gangaren duwatsun nan cike suke da layukan duwatsu da ramukan tare ruwa da aka yi tun aikin Keita na 1984, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa. Mahaifiyata tana cikin matan da suka ɗauki dutse a ka a lokacin. In na ga itatuwan da suka girma cikin ramukan nan rana tana fitowa ta bayansu, nakan tsaya in kashe mota, in dama furar da na zo da ita.

Wa ya taɓa jin irin wannan, kuma a wace hanya?

Ɗan fada, Yamai:

Yaya, 80 kuma? Ni daɗin yana ga gudu. Na taɓa kai BMW ɗin abokina 160 a hanyar Doso, jikina har rawa yake don murna.

Makanike, Yamai:

Wa alaikumus salam. Ƙanena ɗan fada, bari in fara da kai, don na ja motoci da yawa daga wannan hanyar zuwa garaji. Mota mai gudun 90 tana cin mita 25 a daƙiƙa guda. A 160 tana cin sama da mita 44. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata kafin ta tsaya sau huɗu yake ninkuwa. Akuya ba ta san wannan lissafi ba, yaron da ya biyo ta da gudu ma bai sani ba.

Maigida mai Golf, na gane maganarka sarai. Ni tawa ƙaunar Peugeot 205 GTI ce, mai injin 1.9, ƙarfin doki 130, mota ce da ba ta kai tan guda ba. Rashin nauyin nan shi ne sirrinta. Na yi shekara huɗu da ita kafin hidimar gida ta sa na sayar, har yau in na ji kukan irinta sai na ajiye sufana na leƙo. Amma tana da hali guda da duk wanda ya san ta zai faɗa maka: in ka shiga kwana da ƙarfi, tsoro ya kama ka ka ɗage ƙafa farat ɗaya, nauyi yana komawa gaba, bayanta ya yi sauƙi ya nemi ya wuce gabanta. Ta yi mani haka sau ɗaya, a kwanar da ruwa ya zubo wa yashi. Allah ya sa babu kowa a hanyar, na tsinci kaina ina kallon inda na fito. Tun ranar nake gama taka birki kafin kwana.

Abin da na fi gani yana kayar da masu irin motocin nan a ƙasarmu shi ne taya. Ana sayen tsohuwar taya da aka shigo da ita, zanenta da kyau, alhali robar ta bushe. Ku duba gefenta, akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2315, sati na 23 ke nan na 2015. Tayar da ta tsufa haka, ta hau kwaltar watan Afrilu, ba abin dogara ba ce. Sai amortisa mai shanye girgizar mota, in ta mutu mota tana tsalle a kwana maimakon ta kwanta. Lokacin hunturu kuma a riƙa kaɗe matatar iska, kuma a yi hattara da isansin ruwa-ruwa na kwalba, datti yana toshe hanyar mai.

Wata ƴar Yamai:

Ina gaishe ku. Na ga duk maza ne suka yi magana, to ga tawa. Yayana yana da Mazda MX-5 ta farko, mai fitilun da suke ɗagowa kamar ana buɗe ido, kujera biyu, rufin tanti. Da ya yi tafiya ya bar mani makulli wata uku don kada batir ya mutu. A wata ukun nan na san cewa tuƙi yana da daɗi, a da kai yara makaranta ne kawai da cunkoson gadar Kennedy.

Mu nan ba mu da duwatsu irin naku na Adar. Hanyar Kollo nake bi ta Libore, da safe cikin Disamba, in naɗe rufin, in ɗaure ɗankwali tamau, sanyi yana dukan fuska, ƙamshin fadamun shinkafa yana shigowa. Tayoyin baya ne suke tura ta, na gaba aikinsu juyawa kawai, shi ya sa bolan ɗinta ba nauyi, inda ka duba nan take nufa. Yayana ne ya koya mani in riƙa kallon inda kwana za ta ƙare, in daina kallon gaban hancin mota. Da na kama wannan hannuna ya daina rawa.

Wahalarta ɗaya, ta yi ƙasa ƙwarai. Kowane tudun rage gudu sai na hau shi a karkace, cikinta yana gurzar ƙasa, raina yana ɓaci. Kuma in babbar mota ta zo gefenka, tsakiyar tayarta kake kallo.

Tsohon direba, Tawa:

Ɗiyana, Allah shi yi muku albarka. Jikana na karanta mani, shi ka rubuta abin da ni ka hwaɗi. Shekara 31 ina jan kamiyo tsakanin Tawa da Agadas da Arlit, kuma kahin nan na yi ma wani Alhaji tuƙin Peugeot 504. Ba motar tsere ba ce, amma wanda duk ya riƙa ta ya san kwanciyarta bisa hanya. Daɗin da kuke hwaɗi gaskiya ne, na san shi. In munka taso daga Tsarnawa munka nuho Tawa, gangaren Badagishiri nike jira tun daga nesa.

Nan kuma abin ya same ni. Wata Lahadi da almuru, mutane na komawa gida daga kasuwar Tawa, na shiga wata kwana ina jin daɗin hannuna, sai ga amalanke tsakiyar hanya, ba fitila ba komi. Na taka birki, mota ta ja. Jakin ya mutu nan take, yaron da ke bisa ya karye ga ƙahwa. Ni na ɗauke shi da hannuna na kai shi likita. Ubanshi ya ce ƙaddara ce, ya yahe mani tun a daren. Yaron ya warke amma da ɗingishi, yanzu magidanci ne, in na gamu da shi kasuwa shi ka hwara gaishe ni, ni ko ban iya duban ƙahwarshi.

Ban ce ku bari ba. Ku tahi da sahe yadda mai Golf ke yi, ku san ranakun kasuwar garuruwan da za ku ratsa, kuma kwanar da ba ku ga bayanta ba ku ɗauka akwai garke a ciki.

Ɗalibi da ya dawo daga Maroko:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, maganarka ta shige ni. Ni a Maroko na ga iyakar kwane-kwane, a mashigar Tizi n'Tichka tsakanin Marakesh da Warzazat, tsayinta mita 2260. Ƙaramar motar haya muka ɗauka mu uku, ba ta da wani ƙarfi, amma sai da na yi amfani da kowace bitas da take da ita. Kunnuwa suna toshewa, dutse a dama, rami a hagu. A saukowa na koyi barin mota a bitas ta biyu injin ya riƙe ta, don mun wuce wani da birkinsa yake hayaƙi a gefen hanya. Da na dawo gida na bi hanyar Buza sai na ga ashe muna da namu, ƙanana ne kawai.

Ɗan fada, Yamai:

Baba, na karanta sau biyu. Ranar da na yi 160 ɗin nan wajen Kure ne, inda raƙuman dawa suke tsallaka hanya, kuma ƙanena yana gaba bai ɗaura bel ba. Ban taɓa tunanin haka ba sai yau.

Mai Golf, Tawa:

Na gode muku duka. Baba, Allah ya saka da alheri, ban taɓa haɗa fitata da ranar kasuwa a lissafi ba, zan tambayi ta Tamaske da ta Keita in rubuta in ajiye a mota. Malam makanike, na fita da tocila na duba tayoyina: na gaba 2019, na baya 2014. Na jingine ta sai na sami kuɗin biyu sababbi ƙarshen wata. Hajiya, in yayanki zai rabu da Mazdar nan wata rana, a tuna da ni.

In na canza tayoyin ina son in zarce har Buza in sauka Madawa. Akwai wanda ya bi ta bayan ruwan bana?

Wani ɗan Buza:

Na bi ta shekaranjiya da babur. Inda ƙoramu suke ratsa hanya yashi ya kwanta da yawa, wuri biyu ma gefen hanyar ya zaizaye, kuma ɗayan yana bayan kwana ne daidai. Motarka ta yi ƙasa, ka dakata ruwa ya ɗauke tukuna. In ka tashi zuwa ka faɗa mani tun daren, in ce a ajiye maka fura.