Harsashi ɗaya zai iya da barewa, aladen daji da beyar?

Ɗan Arkansas: Assalamu alaikum 'yan zaure. Bindigata ɗaya ce, .308 Winchester. Bana ina son barewa, maƙwabcina manomi kuma ya roƙe ni in rage masa aladen daji da ke tone masa gona, ga baƙin beyar a tsaunukan Ozark. Wane harsashi zan saya?

Kawun Houston: Wa alaikumus salam ɗana. Bindigarka ta wadatar, ƙirar kan harsashin za ka duba. Barewa ba ta da wuya, Remington Core-Lokt mai giren 150 (giren shi ne ma'aunin nauyin kan harsashi) ma yana kayar da ita. Alade ne matsala. Tsohon namiji yana da wata garkuwa mai tauri a ƙarƙashin fatar kafaɗa, ga busasshen taɓo a kai. Harsashi mai saurin tarwatsewa a nan yake ƙarewa, dabba ta shige ƙaya da rauni tana wahala. Nemi giren 165, Nosler Partition ko Federal Fusion, waɗanda ke buɗewa amma ba sa wargajewa.

Baban Amira, Minnesota: Na yarda da Kawu, sai dai ga beyar ni mai giren 180 nake sawa. Kitsensa da gashinsa suna toshe raunin, sai ka duba ganye ka ga ɗigon jini biyu, daga nan babu. Kana bukatar harsashin da zai shiga ya fita ta ɗaya gefen, ka samu sawun bi kafin duhu.

Malamin Atlanta: Ni 6.5 Creedmoor nake riƙewa, giren 140. Ba ta dukan kafaɗa sosai, shi ya sa hannu ke zama.

Kawun Houston: Ga barewa ba ni da ja, Malam. Amma yaron nan yana da .308, kada mu sa shi kashe kuɗin wata bindigar.

Yayan Sacramento: Mu nan Kalifoniya tun Yulin 2019 aka hana farauta da harsashin dalma, dole muka koma na jan ƙarfe, kuma wallahi ban yi da-na-sani ba. Barnes TTSX mai giren 150 yana ratsawa kamar mai dalma da ya fi shi nauyi. Sharaɗinsa gudu: in nisa ya yi yawa ba ya buɗewa yadda ake so. Abin da ya fi burge ni shi ne nama. Ka feɗe barewa, ba ɓurɓushin dalma a kewayen raunin, yara su ci hankalinka kwance.

Baban Amira, Minnesota: Ƙanena, kada araha ta ja ka ga FMJ, wato harsashin da aka lulluɓe kansa da ƙarfe, irin na atisaye. Hudawa kawai yake yi ya wuce, jihohi da yawa ma sun hana shi a farautar manyan dabbobi. Karanta littafin dokokin hukumar farauta ta jiharku na bana, musamman sashen beyar.

Ɗan Arkansas: Allah ya saka da alheri. Tsakanin Partition 165 da TTSX 150 fa?

Kawun Houston: Sayi kwali ɗaya na kowanne, ka je filin gwaji, yadi 100, harbi uku-uku, kana barin bakin bindiga ya huce. Wanda ya fi haɗa rami wuri ɗaya shi ne naka. Ka saita madubin hangen bindigar da shi, kuma duk ranar da ka sauya harsashi ka sake saiti.