Yadda Za A Adana Tunanin Yarinta A Ƙauye

Waɗanda suka tattauna kan tasowarsu a karkara sun fi nanata abu ɗaya: a zauna da tsofaffi tun suna da rai. Kada a ce musu "ba ni labarin da", amsar za ta zo a dunƙule. A tambayi takamaiman abu: wa ya haƙa rijiyar nan, ta ina ake kora awaki kiwo, wace shekara ruwa ya ƙi sauka. A naɗi muryarsu a waya, a rubuta ranar. Wannan shawarar ce ta fi kama ni, domin tun 2007, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, mazauna birane a duniya suka zarce na karkara, kuma yara da yawa ba za su san wannan rayuwar ba sai ta bakinmu.

Wasu sun ja kunne kada a mayar da ƙauye aljanna. Akwai wasa a farin wata, akwai kuma ɗebo ruwa daga nesa kafin makaranta, ƙafa duk faso. A faɗi duka biyun.

An kuma ce a riƙa gwada abin da aka tuna da na yayye, musamman abin da ya faru muna ƙasa da shekara 3, wanda galibi labarinsa aka ba mu.