Na gaji tsohuwar gitar bas, in gyara ko in sayar?

Mai tambaya, Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi kiɗa a orkes tun zamanin samariya. Da aka zo rabon kaya, gitar bas ɗinsa ta faɗo hannuna don babu mai so. Tsirkiya biyu suka rage, duk sun yi tsatsa. Fentin ja ne da baƙi a gefe, ya goge inda hannu ke zama. Mikro biyu gare ta, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, na jona ta a amfulin wani abokina, sai gurnani kawai take. A kai an rubuta Fender, sunan wani shahararren kamfanin gita, amma rubutun kamar manna shi aka yi. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya taya jika 15, mai fentin mota kuma ya ce in kawo ya kankare ta ya fesa sabo. Ni dai so nake in san wace iri ce, kuma ko za ta gyaru in koyi kiɗa da ita.

Tsohon makaɗi, Bagalam:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kawunka. Kada ka bari samfefa ta taɓa ta, kada kuma ka sayar, sai ka san abin da ke hannunka. Sunan da ke kai kada ya ruɗe ka, a zamaninmu kowa manna Fender yake don fita kunya gaban jama'a. Gitocin da suka shigo mana ta Kano da Kwatano yawancinsu ƴan Japan ne, sai jefi-jefi Eko ta Italiya ko Musima ta Jamus ta Gabas. Juya ta ka duba farantin ƙarfen da ya haɗa wuya da jiki, mai noti huɗu, ka karanto mana abin da aka rubuta. Fender ta gaske daga 1965 zuwa 1976 akwai babban harafin F a wurin tare da lamba, bayan nan lambar ta koma kai. Sannan ka ɗauki ma'aunin tela ka auna daga inda tsirkiya ke barin kai zuwa na 12 cikin ƙarafan da ke jere a wuya.

Mai tambaya:
Na duba Baba. Babu F. An rubuta Steel Adjustable Neck, a ƙasa Made in Japan. Awon kuma santimita 38 ne.

Tsohon makaɗi, Bagalam:
To magana ta fito. Wannan rubutun galibi na masana'antar Matsumoku ne, a garin Matsumoto. Asalinsu katakon keken ɗinki suke yi wa Singer, daga baya suka shiga ƙera gita, su ne suka yi Aria da wasu sunaye da yawa har aka rufe wurin a 1987. Taka za ta kasance ta ƙarshen shekarun 1960 ko cikin na 1970. Ba za ta sa ka yi kuɗi ba, kada wani ya hura maka kunne, amma aikin kafintoci ne na ƙwarai, kuma ta fi sababbin nan masu arha da ke cika kanti. Da tsohuwar zuma ake magani.

Awon nan ka riƙe shi da kyau. 38 sau biyu 76 ke nan, wato gajera ce. Bas ɗin da aka saba gani, irin Precision da Fender ta fitar a 1951, santimita 86 da ɗoriya ce, kuma tsirkiyar da ake sayarwa kusan duk tata ce. In ka ɗaura doguwa a gajera, wurin mai kauri ne zai naɗe a kan makunnin da ake ɗaure tsirkiya da shi, ko ya ƙi shiga ko ya tsinke. In za ka yi saƙo Kano ko Yamai, ka ce ta inci 30 kake so. Ga mai koyo gajerar ma ta fi daɗi, yatsu ba sa wahala.

Mai gyaran rediyo, Sabon Gari:
Ƙanena, gurnanin nan ba mutuwa ba ce. Sau tari wayar da ta tashi daga ƙarƙashin jakin ƙarfen da tsirkiya ke hawa zuwa bayan bolim ce ta cire, ko bakin jak ya yi tsatsa. Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto, kowace waya da inda ta tafi. Ka jona ta a amfuli, ka rage murya, ka ɗan taɓa kan kowane mikro da bakin sukundireba. Wanda ya amsa ƙwas yana da rai. In kana da mita ka auna shi, abin da ya faɗo tsakanin 5k da 12k a awon om na mita lafiya lau ne, wanda bai nuna komai ba zaren cikinsa ya yanke. Ko da ya yanke kada ka jefar, ana sake naɗa shi. Bolim mai ƙarar yashi a fesa masa maganin wanke na'ura a murza sau da yawa, ba sai an sauya ba. In dole ta kama, bolim mai lambar 250k ko 500k duk suna aiki, muna da su a kasuwa.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: tsirkiyar bas a haɗe take da jikin amfuli. Wutarmu 220 ce, gidaje da yawa kuma babu wayar ƙasa. In ka ji tana ɗan cizonka a yatsa, ka cire filogi nan take ka kawo amfulin a duba. Kada ka yi kiɗa ƙafa ba takalmi a kan siminti mai laima.

Wani matashi, Zariya:
Ni fa yaya ban ga riba ba. Tsirkiya kawai za ta ci kusan abin da aka taya gitar. Ka karɓi kuɗinka ka ƙara ka sayi sabuwa, ka huta.

Kafinta, Mokoyo:
Maganar matashin nan tana da ƙamshin gaskiya, amma wuya ne zai raba gardama, kuma gwada shi kyauta ne. Ɗaure tsohuwar tsirkiya mai kaurin nan, ka danne ta a ƙarfe na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe na 7 ko na 8. Abin da ake so shi ne kaurin katin gayyatar biki ya wuce da ƙyar. In tazarar ta yi yawa, wuya ya lanƙwashe, kuma sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, wadda farantin ya ambata, ita ke miƙe shi. Ka fara sassauta notinta kaɗan, ka ɗiga man keke, sannan ka ɗaure zuwa dama, kwatan zagaye kawai, ka bar ta ta kwana. In ta cije kada ka yi mata ƙarfi. Ranar da sandar nan ta karye, gitar ta zama kayan ado. Ka kuma hango wuyan daga kai kamar mai auna falanki: lanƙwasa tana gyaruwa, murɗewa ce ba ta da magani a nan garin. In ka ga ya murɗe, bi shawarar matashi.

Sauran ƙananan aiki ne. Hunturu yana tsotse katako, shi ya sa bakin ƙarafan ke fitowa suna yankar hannu, sai a bi su da ƙaramar zarto a hankali. Fuskar wuyan in baƙin katako ce marar fenti, ɗigo biyu na man keke a tsumma ya isa. Ban da man gyaɗa, ko da yake garinmu garin gyaɗa ne, don yana yin ɗoyi ya yi danƙo. Ramin notin da ya zarme a cusa tsinken sakace da gam ɗin kafinta. Ka ƙwanƙwasa jikin ko'ina, in gari yana zubowa ƙwaro ya shiga, ka faɗa mana. Fenti kuwa tsumma mai ɗan laima kawai, mai fentin mota ya yi haƙuri. Kuma ka cire ta daga ɗakin kwano kafin zafin Afrilu ya kama.

Mai gyaran rediyo, Sabon Gari:
Tsirkiya biyun nan ma kada ka zubar. Ka tafasa su cikin ruwa kamar minti goma, ka shanya su bushe sarai, za su isa gwajin wuya da mikro. Sababbin sai Malam kafinta ya ce wuya ya ci jarrabawa. Ka kawo ta shago ranar da kake da sarari in duba wayoyin, ka zo da igiyar jak ɗin da ka gwada da ita, don wani lokaci laifin nata ne.